Tsingaro Ma Shaida Ne: Nazari kan Tara Siffofin Yumɓu na Mutanen Dauri

Gabatarwa

Tun wajen shekarun 1970 a Mali, kuma tun shekarun 1990 a Nijar da arewacin Najeriya, wata sana'a ta kafu wadda ba ta da rumfa a kasuwa, ba ta da sarki, ba ta kuma son rana. Ita ce tonon siffofin yumɓu da mutanen dauri suka gina, suka gasa, suka binne tare da mamatansu: kawunan mutane, mahaya dawaki, raguna da sauran dabbobi. Daga rami sai hannun dillali, daga dillali sai jirgi, har su tsaya a ɗakin wani attajiri a Paris, Burusal ko New York, wanda ya maida tara su abin sha'awarsa.

Wannan nazari zai auna rubuce-rubuce iri uku da suka yi magana a kan waɗannan kaya: kundin baje-kolin Vallées du Niger na 1993, da jerin gargaɗi na shekarar 2000 da aka sani da Liste rouge, wato Jar Takarda, sai kuma kundayen da masu gwanjo da manyan dillalai ke bugawa don tallar hajarsu. Za a duba abin da kowane ya faɗa da abin da ya bari, sa'an nan a juyo ga gundumomin Madawa, Buza da Keita, domin maganar ta shafe su tun kafin su ji labarinta.

Daga Bura zuwa Paris

A shekarar 1975 aka tsinci kawunan yumɓu a Bura, cikin ƙasar Tera, yamma da kogin Isa. A 1983 Bube Gado, masanin binciken kufai na cibiyar IRSH ta jami'ar Yamai, ya jagoranci tono a wurin da ake kira Asinda-Sikka. A cikin ɗan fili kaɗan aka tarar da tuluna sama da 600 a kife, kusa da juna, wasu dogaye wasu masu faɗin ciki, da yawa daga cikinsu ɗauke da kan mutum ko cikakkar siffarsa, wasu har da mahayi bisa doki. A cikinsu da ƙarƙashinsu an sami ƙasusuwan mutane, da kawunan kibau na ƙarfe, da kayan ado. Awo ya nuna cewa an yi amfani da wannan maƙabarta tun wajen ƙarni na 3 na Miladiyya har zuwa bayan ƙarni na 10. Domin an yi tonon a tsanake, ana auna kowane taki ana rubutawa, shi ya sa a yau aka san cewa waɗannan siffofi alamomin kaburbura ne, aka san mutanen suna ƙira, suna hawan doki, suna girmama mamatansu.

A watan Oktoba na 1993 aka buɗe baje-kolin Vallées du Niger a Paris, a ƙarƙashin jagorancin masanin tarihi Jean Devisse, da haɗin gwiwar ƙasashe shida: Nijar, Najeriya, Mali, Burkina Faso, Gini da Muritaniya. Daga baya ya zaga manyan biranen yankin. Kundin da ya rako shi aiki ne na a yaba. Masana ƴan Afirka sun yi rubutu a ciki da kansu, cikinsu har da Bube Gado, kuma an bai wa wurin da aka samo kowane abu muhimmanci daidai da kyawun abin. Mai karanta shi zai fita da fahimtar cewa kwarin kogin Isa ya daɗe yana ɗauke da garuruwa, da fatauci, da fasaha, tun kafin a fara rubuta tarihinsa da tawada.

Sai dai littafin yana da rauni ɗaya wanda ba masu rubuta shi suka nufa ba. An yi shi cikin Faransanci, yana da nauyi, yana da tsada, kuma hotunansa sun fi rubutunsa saurin tafiya. Manomin Tera bai gan shi ba, dillalin Burusal kuwa ya haddace shi. Cikin ƴan shekaru bayan baje-kolin, maƙabartun Bura suka cika da ramuka, kawunan yumɓu suka yi ta bayyana a kantunan Turai. Littafin ya koya wa mai saye abin da zai nema, bai kai ga koya wa mai gona abin da zai tsare ba.

Wannan ɓarna ce ta haifi rubutu na biyu. A shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya, ICOM, ta fitar da Jar Takarda mai ɗauke da rukuni takwas na kayan tarihin Afirka da aka fi sacewa, ta roƙi gidajen tarihi da masu gwanjo da masu tarawa su daina sayensu. Kayan Bura na ciki, haka ma na Nok, da waɗanda ake kira na Sakkwato da na Katsina. Takarda ce gajera, mai hotuna, mai sauƙin fahimta ga ɗan duwan da ɗan sanda. Amma aikinta yana farawa ne a bakin iyaka ko a filin jirgi, bayan an riga an haƙa ramin, an watsar da ƙasusuwa, an farfasa abin da ba zai sayu ba. Kuma a cikin wannan shekara ta 2000, a watan Afirilu, gidan tarihin Louvre ya buɗe sabon sashe inda aka baje siffofin Nok da gwamnatin Faransa ta saya daga hannun dillali. Bayan doguwar muhawara aka cim ma yarjejeniya a 2002: Faransa ta amince cewa siffofin Nok biyu da ta Sakkwato ɗaya mallakar Najeriya ne, Najeriya kuma ta ba da su aro na shekara 25. In babban gida ya sayi abin da aka hana, ƙaramin mai tarawa ba zai ji kunyar yin haka ba.

Sunan da kasuwa ta raɗa

Rubutu na uku, kundin gwanjo, ya fi sauran biyun kyawun takarda. Hoto ɗaya a shafi guda, baƙin bango a baya, haske na sauka a goshin siffar. A ƙarƙashi akwai layuka huɗu ko biyar: sunan salo, tsawo da santimita, kimanin shekaru bisa awon ɗakin gwaji, sai jerin Turawan da abin ya ratsa ta hannunsu. Wannan jeri na ƙarshe shi suke kira asalin abu. A wurinsu tarihin siffa yana farawa ne ranar da ta sauka Turai. Shekaru dubu biyu da ta yi a ƙasa, da sunan ƙauyen, da abin da ke kwance kusa da ita, duk ba su sami ko layi ɗaya ba.

A duba sunayen da kansu. Siffofin da ake kira na Sakkwato, masu saukakkiyar gira da gemu da murtukakkiyar fuska, ana ba su shekaru wajen 2000. Birnin Sakkwato kuwa Muhammadu Bello ya kafa shi a matsayin cibiyar daula a 1809. Waɗanda ake kira na Katsina, waɗanda sau da yawa mutum ne zaune bisa tulu, su ma sun girmi birnin da aka laƙaba musu da ƙarnoni masu yawa. Sunayen jihohi ne na zamani, dillalai suka ɗora su don mai saye ya san kusurwar da zai sa yatsa a taswira. An san cewa a shekarun 1990 an yi mummunan tono a kewayen dutsen Kwatarkwashi, cikin Zamfara, kamar yadda mai bincike Patrick Darling ya bayyana a shekarar 2000, amma kayan da suka fito daga can sun shiga kasuwa da sunan da ya fi saye. Da zarar siffa ta karɓi sunan kasuwa, sunan kufanta ya ɓace ke nan.

Abin da tono na ilmi ke iya bayarwa ya fito sarari a ƙasar Nok. A 1928 masu haƙar kuza suka fara cin karo da siffofin wannan yanki, Bernard Fagg ya fara nazarinsu a shekarun 1940. Daga 2005 masana na jami'ar Frankfurt, a ƙarƙashin Peter Breunig, tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya, suka shafe shekaru suna tono. Sun gano cewa mutanen Nok suna noman gero da wake, kuma a 2021 aka buga sakamakon da ya nuna alamar kakin zuma a jikin tukwanensu, shaidar cin zuma ta shekaru wajen 3500. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a iya karantawa a fuskar siffar da ke tsaye cikin akwatin gilashi. An same su ne daga ƙonannen hatsi, da gawayi, da tsingaro, wato tarkacen da mai tonon dare ke shurewa da ƙafa. Sun kuma lura da wani abu: kusan duk siffofin da suka tono a farfashe suke, kamar da gangan aka fasa su kafin a binne. Mai duba kundin gwanjo, inda siffofi ke tsaye cik ba tsaga, yana da damar ya tambayi inda aka samo sauran gaɓoɓin.

Abin da ya sami Meksiko

Wannan ciwo ya daɗe a wata nahiya. A yammacin Meksiko, cikin jihohin Kolima, Halisko da Nayarit, mutanen da suka rayu shekaru wajen 2000 da suka wuce suna haƙa kabari kamar rijiya, mai ɗaki a ƙarƙashi, suna ajiye siffofin yumɓu tare da mamaci: mayaƙa, makaɗa, ma'aurata, da gajerun karnuka masu ƙiba, jajaye masu sheƙi, waɗanda suka shahara da sunan karnukan Kolima. A ƙarni na 20 masu tarawa suka kamu da sonsu, cikinsu har da mashahurin mai zane Diego Rivera. Dubban siffofi suka cika gidajen tarihi da ɗakunan attajirai, kusan dukansu daga hannun masu tonon ɓoye. Sai a 1993, a Huitzilapa cikin Halisko, masana suka sami wani babban kabari irin wannan da ba a taɓa ba, suka tone shi bisa ƙa'ida. Kafin nan an shafe shekaru ana rubuta littattafai a kan salo da kyau, alhali tambayoyi masu sauƙi, kamar wa aka binne, da me, kuma me ya sa, amsarsu ba ta wuce zato ba.

Ko sunan da ake kiran waɗannan kaya da shi abin lura ne. Ana ce musu kayan kafin zuwan Sifaniyawa, ko na kafin Kolombus. An haɗa al'ummu masu harsuna daban-daban, da tarihin dubban shekaru, an ɗaure su da igiya ɗaya, an raɗa musu suna da ranar da baƙo ya ci su da yaƙi. Malamin da ke koyar da tarihi a Buza ya san irin wannan suna, domin littafin lakwal yakan tattara duk abin da ya gabaci 1900 a babi guda na kafin mulkin mallaka, kamar dai mutanen da suka rayu a lokacin zaman jiran Bature suke yi.

Meksiko ta kafa doka a 1972 wadda ta maida duk kayan tarihin ƙarƙashin ƙasa mallakar al'umma. Amma abin da ya fi dokar tasiri a wasu wurare shi ne ƙauyuka da suka tashi da kansu. A Santa Ana del Valle, cikin jihar Wahaka, an ci karo da tsofaffin kaburbura a dandalin gari, mutanen garin suka nemi kayan su zauna wurinsu, aka buɗe ɗan gidan tarihi na gari a 1986. A Peru, bayan ɓarayi sun fasa wani kabarin sarauta a Sipan a 1987, masani Walter Alva ya tsare sauran, ya tone su, kuma a 2002 aka buɗe gidan tarihi a Lambayeke wanda baƙi ke zuwa gani daga ko'ina. Kabarin da aka sace ya ciyar da mutum kaɗan na ɗan lokaci, waɗanda aka tsare kuwa har yau yankin na cin amfaninsu.

Hujjojin masu tarawa

Adalci ne a saurari masu tarawa, domin ba dukansu ne ke ganin kansu a matsayin masu sayen kayan sata ba. Hujjarsu ta farko ita ce ceto: sun ce da an bar kayan nan a Afirka da ruwa ya cinye su, ko an farfasa su, ko sun ruɓe a ma'ajin da ba shi da rufi. Akwai gaskiya a cikin zancen ma'aji, domin gidajen tarihi da yawa na fama da rashin kuɗi da rashin ma'aikata. Amma siffar da ta kwana shekara 1500 a ƙasa ba ta cikin haɗari sai ranar da aka sa mata farashi. Mai saye ba ya zuwa bayan gobara, kuɗinsa ne ke kunna ta, tun da ba wanda zai bar gonarsa ya kwana yana haƙa in bai san akwai mai karɓa ba.

Hujja ta biyu ita ce kyau ba ya bukatar bayani, duk mai ido zai gane gwanintar maginin. Haƙiƙa gwanintar tana nan: wanda ya iya gina siffa mai rami a ciki, ya bar mata ƙofofin fitar iska a ido da hanci don kada ta fashe a wuta, ya kuma gasa ta a fili ba tare da tanda ba, ya kai gwani. Sai dai maginin bai yi ta don a kalle ta a falo ba. Ya yi ta ne don mamaci, ko don wani alkawari tsakanin rayayyu da magabata. Wanda ya raba ta da wannan ya riƙe lafazi ya yar da ma'ana, kamar ɗalibin da ya iya karanta jimla da murya mai daɗi bai san abin da ta ƙunsa ba.

Raguna biyu na yumɓu daga Mali sun isa misali ga inda wannan hanya ke kaiwa. Na farko an sayar da shi a gwanjon Sotheby's a New York a 1991 kan dalar Amurka 275,000, da takardar awon ɗakin gwaji mai tabbatar da tsufansa. A 2001 ɗan jarida Michel Brent ya ba da rahoto cewa wani magini a Mali ne ya gina mafi yawan jikin ragon a bisa ƴan gutattsarin tsohuwar siffa. Awon da ake yi yana faɗin lokacin da aka gasa ɗan garin da aka kankaro daga wuri ɗaya, ba ya faɗin ko sauran jikin ɗan jiya ne. Rago na biyu an ba shugaban Faransa Jacques Chirac kyautarsa a 1996, sai masana suka gane cewa daga wani kufai da aka wawashe a Mali ya fito, daga baya aka maida shi gidan tarihin Bamako. A Meksiko ma an kama wani magini, Brigido Lara, a 1974 bisa zargin fataucin kayan tarihi, ya kuɓuta ta hanyar nuna cewa shi ya gina su da hannunsa, kuma a 1987 ta bayyana cewa wasu ayyukansa na baje a manyan gidajen tarihin Amurka a matsayin kayan dauri. Kasuwar da ta yarda ta sayi abu ba tare da sanin raminsa ba ta buɗe wa jabu ƙofa da kanta, kuma masanin da ya gina nazarinsa bisa irin waɗannan kaya yana iya kwana yana fassara tunanin mutumin da ke raye a ƙauye na gaba.

In ɓera da sata

Hujja ta uku ita ce mafi ɗaci, domin ta taɓa gida. Masu tarawa sun ce mutanen ƙasar ba su damu da kayan ba, su ne ma ke tonowa suna sayarwa. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Manomin da damina ta ƙi, rumbu ya ƙare tun kafin bazara, in aka nuna masa jika biyar a kan abin da yake ganin tarkace ne, ba a yi mamaki ba in ya ɗauki hauya. Laifinsa kaɗan ne in aka gwada da na wanda ya san darajar abin ya yi shiru.

Akwai kuma maganar kalma. A bakin mutane da yawa duk siffar mutum ko dabba da ta fito daga ƙasa gunki ce, gunki kuwa ko a fasa shi ko a rabu da shi ga duk wanda ya so. A nan malamin Hausa yake da aiki. Gunki shi ne abin da ake bauta wa. Siffar da aka ɗora bisa kabari alama ce, wadda aka tono don a san tarihi kuwa shaida ce, kuma ajiye shaida ba bauta ba ce. Yaran Adar da ke gina shanun laka a bakin tabki, su kafa musu ƙaho da ƙaya, ba wanda ya taɓa ce musu masu bautar gumaka. Har ila yau, addinin da ake kafa hujja da shi ya yi horo a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance, ya kuma girmama kabari. Tone mamaci a watsar da ƙasusuwansa don kuɗi ba shi da mazauni a shari'a, ba shi da shi a al'ada.

Doka ma tana nan. Nijar ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 tun 1972, kuma doka mai lamba 97-022 ta 30 ga watan Yuni 1997 ta hana tono da fitar da kayan tarihi ba da izinin hukuma ba. Amma dokar da ke kwance cikin Faransanci a jaridar gwamnati, mai gari bai ji ta da harshensa ba, ba ta tsare ko tulu ɗaya. Tun da kundin tsarin ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, babu sauran uzuri ga barin irin wannan doka ba fassara.

Madawa, Buza da Keita

Mai karatu na iya cewa Bura na da nisa, Kwatarkwashi kuma wata ƙasa ce. Iyakar da ta raba Bangi da Sabon Birni yarjejeniyoyin Faransa da Ingila ne suka shata ta tsakanin 1898 da 1906, magina na shekaru 2000 da suka wuce ba su san da ita ba. Kwarin Majiya da na Tarka hanyoyi ne na mutane da dabbobi tun fil azal. Binciken kufai a Nijar ya fi karkata ga Abzin da Tenere da kwarin kogin Isa. Tarihin Adar da aka rubuta ya dogara ne ƙwarai ga baki da takardu: Jibo Hamani ya buga nazarinsa kan Adar ta kafin Turawa a 1975, Nicole Echard ta buga nata a kan manoman Adar a wannan shekara, ta kuma ɗauki fim ɗin narkar da tama a wurin maƙeran yankin a shekarun 1960. Waɗannan ayyuka sun haskaka zamanin Agabba da zuwan Abzinawa a ƙarshen ƙarni na 17, da zaman Azna da suka tarar. Abin da ya gabaci ƙwaƙwalwar baki kuwa yana cikin ƙasa, a kufai, a tsibin kashin tama, a tsingaron da ke warwatse a gonaki.

Kuma ƙasar nan ana motsa ta fiye da da. Tun 1975 aka fara shuka layukan itatuwa a kwarin Majiya, tun 1984 aikin raya karkara na Keita ya haƙa ramuka da gina madatsai a bisa tuddai da fadamu, ga rijiyoyin lambun albasa, ga hanyoyi, ga koramu da ke cin gaɓa kowace damina. Duk inda aka buɗe ƙasa, abin da ke ciki na iya fitowa. In ya fito ya faɗa hannun dillali, ba za a rubuta Garhanga ko Karofan ko Galma a ƙarƙashin hotonsa ba, domin waɗannan sunaye ba su da farashi. Za a ce na Sakkwato ne, ko na Katsina, ko na Bura. Yankin zai yi asarar abin, ya kuma yi asarar sanin cewa ya taɓa mallakarsa.

Kammalawa

Daga cikin rubuce-rubucen nan uku, na farko ya ba da ilmi amma bai isa ƙauye ba, na biyu ya yi gargaɗi amma a makare, na uku ya isa ko'ina amma ya shafe asali. Wanda ya rage a rubuta shi ne na huɗu, kuma ba ya bukatar kuɗin ƙasashen waje: littafin kufai na kowace karamar hukuma, cikin Hausa. Malami da ɗalibansa za su iya zama da tsofaffi su rubuta sunan kowane kufai, da inda yake, da abin da ake faɗa a kansa, da abin da ake gani a samansa, ba tare da sun haƙa ko sun ɗauki kome ba. Kwafi ɗaya ya zauna wurin mai gari, ɗaya a lakwal, ɗaya a aika wa cibiyar IRSH da jami'ar Tawa. In wani abu ya fito daga rijiya ko gaɓar korama, a bar shi inda yake, a ɗauki hotonsa da salula, a sanar da hukuma.

Ƙungiyoyin al'adu kuma suna da misali a kusa. A Fombori, cikin ƙasar Dogon a Mali, an kafa bankin al'adu a 1997: mai tsohon abu yakan ajiye shi a ɗakin tarihin gari a matsayin jingina, ya karɓi ɗan rance, abin ya zauna nasa, tarihin da ya bayar a kansa kuma ya ƙara masa daraja. Dabarar ta dace da kayan gado na cikin ɗaki, ba ta halatta tono ba, amma ta nuna cewa ana iya tarar yunwa tun kafin dillali ya tare ta.

Tun jawabin Wagadugu na 2017 da rahoton Felwine Sarr da Bénédicte Savoy na 2018 ake ta zancen maido da kaya, kuma a 2021 Faransa ta maida abubuwa 26 ga ƙasar Benin. Wannan haƙƙi ne, ya kamata a bi shi. Amma siffar da ta dawo daga Turai za ta dawo ne bebiya, domin ramin da zai yi magana a madadinta an riga an rushe shi. Kufan Adar da na Gobir Tudu da ba a taɓa ba har yanzu suna da bakinsu, kuma tsare su ya fi maido da abin da ya tafi sauƙi da arha.